Robar Wuyan Mai Walda

Litinin, 6 ga Mayu

Auta ta dawo daga aiki yau da gudu, kamar ba ita ce mai digiri biyu ba. Na ce mata mace ba ta shigowa gida haka sai in wuta ce ta biyo ta. Ta rungume ni ina riƙe da almakashi. An zaɓi aikinta! Duk cikin ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje na asibitin, ita za ta tsaya gaban manyan likitoci ƙarshen wata, ta yi bayanin abin da ta gano.

Na ce, "To, a gode wa Allah, kuma a cire takalmi." Sai da ta shiga wanka na turo ƙofar shagon ɗinkina na ɗan taka rawa ni kaɗai. Ba wanda ya gani. Gwiwata ce kawai ta sani, har yanzu tana min ƙorafi.

Ni zan ɗinka abin da za ta sa. Dogon hannu.

Laraba, 8 ga Mayu

Ina auna ta na sa ta yi min bayanin aikin. Na ce kada ta raina ni, na yi sakandare lokacin da sakandare take sakandare.

Ashe funfuna ce, ko dai danginta. Ta ce ba irin ta jikin bango ba, ta fi kusa da yis ɗin burodi. Tana shiga jinin manya da ke kwance a asibiti, zazzaɓi ya ƙi sauka, a yi ta ɗura maganin ƙwayoyin cuta a banza, don ita nata maganin daban ne. Auta ta bi sakamakon gwajin jini na shekaru masu yawa, shekara bayan shekara, ta ga masu kamuwa suna ƙaruwa a asibitinsu. Kuma irin da aka saba da ita tana ja da baya, wasu iri suna cin kasuwa, har da masu taurin kai da tsohon maganin ba ya taɓawa.

Na ce ai wannan ba sai da digiri ba, ƙazanta ce.

Ta ce, "Mama, abin nan yana jikin kowa. Yana fata, yana baki, yana hanji. Ke ma kina da shi."

Ni! Na ce ta iya bakinta. Ta yi ta dariya har awon kafaɗa ya ɓace min, sai da na sake. Wai zaman lafiya yake da mutum har sai jiki ya raunana ya sami ƙofa: wanda aka yi wa aikin ciki, mai ciwon suga, wanda ya daɗe a kan magani mai ƙarfi, musamman wanda aka sa wa roba a babbar jijiyar wuya ta daɗe a jikinsa.

Ta ce kada in fitar da maganar, ba a gabatar ba tukuna, kuma mutane za su ɗauke ta a karkace. Na ce yaushe na zama mai yawo da zance? Ni da na taɓa sallamar wata 'yar koyo saboda gulma.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na samo yadi, shuɗi mai duhu. Mai yadin ya tambaya ko biki ne. Na ce ya fi biki.

Asabar, 11 ga Mayu

Shago cike yau. Wata da ta zo karɓar siket tana ba da labari da alfahari wai ita ba ta zuwa asibiti, da an yi atishawa a gidanta kemis take aikawa a sayo kafso, kowa ya haɗiya. Raina ya ɓaci. Na ajiye ɗinki na ce mata irin wannan gangancin ne yake sa magani ya daina aiki, kuma masu ilimi sun gano abin da ya fi haka. Daga nan dai magana ta ja magana.

Ba gulma na yi ba. Nasiha ce. Ban ambaci sunan kowa ba, sai na 'yata, kuma wannan ai haƙƙina ne.

Ka ga shiru! Har keken ɗinkin 'yar koyo ya tsaya. Na yi musu bayanin robar wuya, da zazzaɓin da ba ya sauka, da sababbin irin masu taurin kai. Wata ta dafe ƙirji. Maƙwabciyata uwar tagwaye, matar mai walda, ita ta fi kowa natsuwa. Ta yi ta tambaya: "Yaya, aikin ciki kika ce? Da suga? To in ya shiga jinin, ana tashi?" Na ce wasu suna tashi, wasu ba sa tashi. Na ji daɗin yarinyar nan, da ma duk mata haka suke sauraro. Ta tafi ta manta zanen da ta kawo.

Ashe haka malamai suke ji. Da na sani da koyarwa na yi.

Talata, 14 ga Mayu

Mata uku sun zo yau ba ɗinki, ba awo, wai sun zo jin "maganar nan". Na maimaita musu, na ƙara da wanke hannu da yanke farce.

Maigida ya fara kirana Farfesa. "Farfesa, akwai shayi, ko sai an tashi daga lacca?" Na ce ya yi ta yi, hassada ce.

Alhamis, 16 ga Mayu

Mai kitso ta tare ni a hanya, ta ja ni gefe tana raɗa. Wai in gargaɗi 'yata, ruwan da ake ƙara wa mutane a asibitin nan duk ya yi funfuna, duk wanda aka sa wa roba ba ya fitowa. Wai wata babbar likita ce ta faɗa a asirce. Na ce wace likita? Ta ce ita dai a gidan suna ta ji.

Na gyara mata maganar tsaf. Mutane dai ba su iya sauraro ba, a ba su allura su mayar da ita tabarya.

Na gama wuyan rigar. Ya fita.

Asabar, 18 ga Mayu

Auta ta shigo ba gudu yau. Ta tsaya a ƙofar shago ta jira har na sallami mutane, sannan ta rufe.

Mai walda yana da ƙari a hanji. Ban sani ba. Na ga ya rame, na san yana da suga, amma na ɗauka zafin wuta ne da rashin cin abinci a kan lokaci, har na taɓa yi masa faɗa a kai. Ranar Alhamis aka ba shi gado, Litinin za a yi masa aiki. Jiya matarsa ta tattara shi ta dawo da shi gida. Likitan tiyata ya yi magiya, ta ce ita ta san abin da suke ɓoyewa, uwar yarinyar da ke ɗakin gwaje-gwaje ce ta faɗa mata da bakinta.

An kira Auta ofis. Ba ta faɗa min abin da aka ce mata ba, ta ce wannan ba shi ne abin damuwa ba.

"Mama, hanjinsa toshewa yake yi. In ba a yi aikin nan ba, ba zai kai ko'ina ba."

Na ce ni ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Ta ce, "Na sani." Ta shiga ɗaki. Da ma ta yi min tsawa ne, da na san abin da zan ce mata.

Ban faɗi ƙarya ba.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na je gidan mai walda da hantsi. Na shirya maganata tun a hanya, har da inda zan ɗaga murya.

Yana kwance a tabarma a tsakar gida, wai ɗaki ya yi masa zafi. Cikin ya kumbura kamar tulu, sauran jikin kuwa ƙashi. Mutumin da ya haɗa min ƙofar shago shi kaɗai, ya ɗaga ta ya kafa ba mai taya shi. Ga kwanon amai a gefe. Wansa ya kawo wani jiƙo a galan, suna ba shi yana dawowa.

Na ce wa uwar tagwaye ta ɗauko mayafi mu mayar da shi. Na ce abin da ta yi wauta ne, mace mai hankali ba ta ɗauke miji daga hannun likita saboda zancen shago.

Ta dube ni. "Zancen shago, Yaya? Ai zancenki ne. Duk unguwar nan wa ya taɓa jin kin yi ƙarya? Da mai kitso ce ta faɗa da ko a jikina. Aikin ciki kika ce, ga shi. Suga kika ce, ga shi. Kuma sun ce bayan aikin sai sun sa masa roba a wuya, ta nan zai ci abinci. Duk abin da kika lissafa, shi ne."

Na ce ba kowa ke kamuwa ba.

Ta ce, "To rantse min ba zai kamu ba. Ki rantse, yanzu in kira mota."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Kalma ɗaya ce, da yanzu yana kan gado. Amma ban taɓa rantsuwa a kan abin da ban sani ba, kuma na doki yarana a kan abin da bai kai wannan ba. Na ce ba zan iya ba.

Ta ce, "To kin gani."

Na dawo. Ban ci abinci ba. Maigida bai ce Farfesa ba yau, ya dai zauna kusa da ni yana gyara rediyon da ba abin da ya same shi.

Litinin, 20 ga Mayu

Da asuba na ƙwanƙwasa wa Auta. Na ce ta zo mu je tare kafin ta wuce aiki. Ban roƙe ta ba, na dai ce ta zo.

Yarinyar nan! Ta zauna a ƙasa kusa da shi, ba takarda, ba Turanci. Ta ce, "Kawu, ba zan yi maka ƙarya ba. Kana cikin waɗanda abin yake iya samu. Amma mafi yawan irinku ba sa kamuwa, kuma in ya zo, muna nemansa, akwai magani. Wannan da ke cikinka kuwa ba wataƙila ba ne, yana nan, kuma ba ya jira." Ta ce masu jinya ma da aikinsu: a wanke hannu, kada kowa ya taɓa robar, a riƙa tambayar likita ko lokacin cire ta ya yi, in jiki ya yi zafi a faɗa nan take.

Uwar tagwaye ta ce ita kaɗai ce, ga yara, ga dangi masu zuwa dubiya kamar kasuwa, wa zai hana wan mijinta taɓa abin da ya ga dama?

Sai na ji bakina ya ce, "Ni." Na ce zan rufe shago, in zauna a gefen gadon daga safe har a kori mutane, ita ta karɓi dare. Rantsuwa ce ba zan yi ba, amma gadi zan yi.

Mai walda ya buɗe ido. "In dai Yaya ce mai gadin, ai funfunar ma sallama za ta yi daga bakin ƙofa ta koma. A kira motar."

Ya koma! Yana kan gado yanzu haka.

Laraba, 22 ga Mayu

An yi aiki. An cire ƙarin. Likita ya fito ya ce da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Uwar tagwaye ta faɗo jikina tana kuka, ta ɓata min mayafi da majina, na ƙyale ta.

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Juma'a, 24 ga Mayu

Na kama aiki. Kujerar roba, sabulu, buta, tawul mai tsabta. Robar tana gefen wuyansa an rufe ta da filasta mai sheƙi, wani farin ruwa kamar madara yana bi yana shiga. Shi ne abincinsa.

Wansa ya zo da abokai, hannu duk baƙin mai, zai dafa shi ya yi masa addu'a. Na ce addu'a tana isa daga nesa. Ya ce ƙanensa ne. Na ce famfo yana can. Ya je ya wanke yana ƙunƙuni, na duba farcen na mayar da shi. Mai gadon kusa, wani tsohon direba da aka yanke wa yatsa, ya ce a nemo masa irina ko da haya ne.

Akwai wata nas doguwa, ba fara'a. Ta zo canza ruwa, na ce ban ga ta wanke hannu ba. Ta ɗaga min kwalbar maganin goge hannu da ke aljihunta ta ce, "Mama, kin ga na shafa ko ba ki gani ba?" Na ce ban gani ba. Ta sake shafawa a gaban idona, a hankali, yatsa bayan yatsa, tana kallona. Rashin kunya. Amma ta shafa.

Lahadi, 26 ga Mayu

Kullum in likita ya zagayo sai na ce, "Likita, robar nan, yau za a cire?" Yau tun kafin in buɗe baki ya ce, "Ba yau ba, Mama, hanjin bai farka ba." Ɗalibansa suka yi dariya. Su yi.

Mai walda ya fara surutu. Ya ce da ya tashi zai ƙera min kujerar ƙarfe mai hannu, irin ta alƙalai.

Da daddare nake ƙarasa rigar Auta. Saura maɓallai.

Talata, 28 ga Mayu

Doguwar nas ita kaɗai ce yau a ɗakin gaba ɗaya, abokiyar aikinta ba lafiya. Ban ga ta zauna ba. Da la'asar na ga ta jingina da bango tana cin biskit a tsaye, aka kira ta, ta mayar da rabin aljihu. Ba ruwana, na dai gani.

Laraba, 29 ga Mayu

Zazzaɓi.

Nas ɗin ce ta fara ganewa, ni ina zaune a gabansa ban lura ba. Ta taɓa goshinsa ta tafi da sauri. Sanyi yake ji har gado yana kaɗawa, alhali yana kan magani mai ƙarfi tun ranar aiki. Sun ɗebi jini a kwalabe, an kai ɗakin su Auta. Sai abin ya tsiro kafin a sani.

Uwar tagwaye ba ta ce min komai ba. Ta zauna ta riƙe ƙafarsa. Da ta zage ni da ya fi.

Na bi ranakun nan ɗaya bayan ɗaya a kaina. Wa ya taɓa? Ba wanda ya taɓa. Ina wurin.

Alhamis, 30 ga Mayu

Yau ce ranar Auta. Na goge rigar tun jiya, na goge tawa. Da safe na sa kaya har na ɗaura ɗankwali, sai na ce wa maigida ya je shi kaɗai. Zauren taron da ɗakin marasa lafiya duk harabarsu ɗaya ce, amma na ce gadi zan yi, kuma ba a yau zan tashi ba. Auta ta leƙo kafin ta shiga. Rigar ta zauna mata kamar a jikinta aka halicce ta. Na ce ta tsaya sosai, kada ta riƙa wasa da hannu.

Da azahar ina fifita shi na ji tafi daga can nesa. Ko nata ne ko na wani, oho. Na ɗauka nata ne.

Maigida ya zo da rahoto, baki har kunne. Bai gane komai ba sai layuka masu hawa sama, ja da kore. Amma wai wani tsohon likita mai furfura ya tashi ya yi mata tambaya mai tsawo don ya kayar da ita, ta amsa, ya zauna yana gyaɗa kai. Wai shugaban asibitin ya ce za a duba yadda ake kula da robobin nan. Na sa ya maimaita min wurin mai furfurar har sau nawa. Mai walda cikin zafin zazzaɓi ya ce, "A gaida 'yarmu."

Dariya da kuka a rana ɗaya, a kujera ɗaya.

Juma'a, 31 ga Mayu

Ita ce. Funfunar ta tsiro a kwalaben jinin.

Auta ce ta gani da idonta a madubin nan nasu mai girmama ƙananan abubuwa. Ba ta jira takarda ba, ta bugo waya ɗakin, sannan ta taho da kanta da farar rigar aiki. Kafin la'asar sun zare robar daga wuyansa, sun sa ƙarama a hannu, sun rataya sabon magani. Likita ya ce ba za su tsaya kan tsohon ba har sai an tabbatar da wace iri ce, tunda masu taurin kan sun yi yawa a nan. Ya ce da Auta, "Jiya kika faɗa mana, yau ga shi."

Na fita baranda na sami uwar tagwaye. Na ce mata ni na sa ta dawo da shi. Ta ce, "Kin rantse ne?" Na ce a'a. Ta ce, "To zo ki riƙe min yaran nan in yi salla."

Lahadi, 2 ga Yuni

Na tsare Auta a kicin. Na ce ta faɗa min gaskiya, ta ina ya shiga? Na wanke, na hana, na tsare. Ta ce wataƙila ta robar, wataƙila daga hanjinsa ne da kansa, wurin da aka yanka. Ba za a taɓa sani ba. Na ce dole akwai wanda ya yi sakaci. Ta ce, "Wani lokaci akwai, Mama, shi ya sa muke bibiya. Wani lokaci kowa ya yi daidai kuma ya faru."

Ban yarda ba. Ban dai sami amsa ba tukuna.

Talata, 4 ga Yuni

Zafin ya sauka! Ya nemi shayi! Likita ya ce cokali biyu, ya sha ya ce wannan ai raini ne, a kawo kofin. Tsohon direba ya yi kabbara har aka zo daga ɗakin gaba a ga me ya faru.

Alhamis, 6 ga Yuni

Sabon gwajin jini babu komai. An kai shi an haska idonsa, wai abin yakan ɓuya a can. Nan ma babu. Saura ya gama allurai, sai an yi mako biyu ana yi ko ya ji ya warke. Ya fara cewa zai tafi, aiki yana jiransa. Na dube shi kawai. Ya ja bargo.

Litinin, 10 ga Yuni

Wansa ya zo da wasu dangi, fuska a murtuke. Sun ji labari. Wai asibiti ya sa wa ƙanensu cuta, sai an nuna musu wanda ya yi. Ya nuna doguwar nas da baki, ya juyo gare ni.

"Hajiya, ke ce a wurin. Kowa ya san ba kya rufa wa kowa asiri. Ita ce ko?"

Ita kuwa tana rataya ruwa a gadon ƙarshe, ba ta ko waiwayo ba, amma na ga hannunta ya tsaya.

Na ce ina wurin, kuma ban ga ta yi ba daidai ba ko sau ɗaya. Na ce ita ce ta fara gane zazzaɓin. Ya ce to laifin wa ne? Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Ke ce ba ki sani ba?" Na ce ya je ya wanke hannu in zai zauna.

Da zan tafi nas ɗin ta ce, "Mama, gobe ki zo da matashi, kujerar nan za ta kashe miki baya." Har yanzu dai ba fara'a.

Asabar, 15 ga Yuni

Ya taka har ƙarshen baranda ya dawo, yana tura sandar ruwansa, yana duba waldar da aka yi mata. Wai aikin banza ne, wanda ya yi ko yaron shagonsa bai kai ba.

Masu ɗinki suna ta aike. Su jira.

Laraba, 19 ga Yuni

Gobe za a sallame shi. Uwar tagwaye ta ba ni makulli, ta ce in leƙa in buɗe tagogi ɗakin ya sha iska, yaran suna wurin ƙanwarta tun tuni. Tana miƙo min makullin tana sunkuyar da kai. "Yaya, gidan fa..." Na ce ta kawo.

Tun ranar da muka fita da shi ba a koma ta kan komai ba. Tabarmar tana nan a tsakar gida inda ya kwanta. Kayan yara a jiƙe a baho. Kwanuka. Akwai wata tukunya a bayan murhu da murfinta a rufe, abin da na gani a ciki ba zan rubuta shi ba ko a nan.

Na tuɓe mayafi. Na wanke, na shanya, na share, na juya katifa, na kawo zanen gado daga gidana. Ba don komai ba, mai ciwo ne zai dawo, kuma ina da lokaci. Tukunyar sai da na dafa ruwa sau biyu. Na mayar da ita inda take, na kife.

Da na dawo maigida yana ƙofar gida. Ya ce, "Yaya kika sami gidan?"

Na ce, "Gida ne."

Ya tsaya yana jira. Na wuce na ɗora ruwan shayi. Har na zauna yana kallona, ban san me yake kallo ba.